Rijiyar da Kawu Bai Rubuta Sunanta Ba

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, wanda ya fi kowa kuka ba ɗan'uwanmu ba ne. Wani tsohon abokin aikinsa ne, Kirista, mutumin kudu, wanda suka shafe shekaru a kan benci ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Ina hango shi ta soro, tsaye a ƙofar gidan Kawu a Kazaure, hula a hannu, ya ƙi zama a tabarma. Faɗi kawai yake, "Shi ya koya min Hausa, shi ya koya min duba jini." Maza suka yi ta ba shi haƙuri kamar shi aka yi wa rasuwar.

A cikin gida kuwa kowa da irin nasa. Matar Kawu, wadda muke kira Hajiya, ta koma kusurwar ɗaki da carbinta, ba ka jin bakinta sai in za ta amsa gaisuwa. Inna, mahaifiyata, ita ce yayarsa, kuma ita faɗa ta dinga yi masa kamar yana jinta. "Kai ya kamata ka binne ni," in ji ta, "sai ka yi min wayo ka riga ni." Wata mata daga Babura, wadda ba wanda ya san ta a cikinmu, ta shigo da ƙwaryar gero, ta dire, ta ce, "Bawan Allah bai taɓa tona mana asiri ba." Kafin a tambaye ta wane asiri, ta sa takalmanta ta fita.

Ni kuwa, Allah ya yafe min, ina zaune cikin mata ina amsa "ya haƙuri", amma hankalina yana kan wata rijiya. Akwai rijiya ɗaya a wannan yankin namu, ko a Kazaure, ko Babura, ko Roni, ko Gwiwa, da nake da ƙwaƙƙwaran dalilin jin tsoron ruwanta yana kwantar da yara. Ban san inda take ba. Abin da na sani kawai lambarta, goma sha bakwai. Mutum ɗaya ne a duniya ya san gidan da take, shi ne kuma aka fita da shi a makara da hantsi. Ga damina ta kawo kai, an riga an yi ruwan shuka.

Zan faɗi yadda aka yi haka, domin in ban faɗa ba, ba a san Kawu ba.

Kawu ƙanen Inna ne, ciki ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Tun ina firamare yake zaunar da ni a gaban madubinsa na ganin ƙwayoyin cuta, ya ce in rufe ido ɗaya in faɗi abin da na gani. In na ce ban ga komai ba, ya ce, "A sake dubawa." In na ce na gani, nan ma ya ce, "A sake dubawa." Wannan kalma tasa har matarsa ta haddace ta. In ta ce masa gishiri ya ji a miya, kafin ya buɗe baki sai ta ce, "Na sani, a sake dubawa."

Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa. Kafin ya ci abinci sai ya wanke hannu har gwiwar hannu, kamar mai alwala. In aka ba shi ruwa a gidan mutane, sai ya karkata kofin wajen haske ya leƙa, sannan ya sha. Amma fa sai ya sha. Ko ruwan ya yi kalar ƙasa, ban taɓa ganin ya mayar da kofi a cike ba. Na taɓa ce masa, "Kawu, to me amfanin leƙawar?" Ya ce, "Leƙawar tawa ce, shan kuma na masu gida ne."

Shi ya tura ni karatun ƙwayoyin cuta, ya kuma tsaya a kan maganar lokacin da dangin mahaifina suka ce karatun ya isa haka. Da na zama malama a jami'a, na ɗauki bincike a kan wata ƙwayar cuta da ke sa yara gudawa mai jini, wadda ake samu a kashin kaji da dabbobi, ruwan sama ya wanke ta zuwa rijiya. Kawu ya riga ya yi ritaya. Da na ce ina neman wanda zai ɗebo min ruwan rijiyoyi, ya yi min wani kallo ya ce, "Uwata, ina raye za ki ɗauki wani?"

Wata rana a zaurensa ya ce in yi masa bayanin aikin, da Hausa, kada in sa masa Turanci ko ɗaya. Na ce masa ƙwayar tana da wata siririyar wutsiya da take iyo da ita a cikin hanji. Wutsiyar da wani sinadari mai suna furotin aka yi ta, a jikin furotin ɗin kuma ƙwayar tana manna wasu 'yan ƙananan sukari, ba irin na shayi ba, danginsa dai. Sukarin nan kamar riga yake gare ta. Jikin ɗan Adam yana gane baƙo ya yaƙe shi, amma wata rigar tana sa ya kasa gane ta da wuri. Abin da nake son sani shi ne wace riga ce ƙwayoyin yankinmu suke sawa, kuma wacce ce a jikin waɗanda suka fi wahalar da yara.

Ya ce, "Madubi ba zai nuna miki wannan ba."

Na ce ba zai nuna ba, sai wata na'ura mai auna nauyi. Mukan daddatsa furotin ɗin gutsi-gutsi, na'urar ta sa wa kowane gutsure cajin lantarki, ta cilla shi cikin bututun da babu iska, ta auna nauyinsa. Mun riga mun san nauyin kowane gutsure in ba ya ɗauke da komai. In ya zo ya fi haka, to akwai abin da ke manne da shi, kuma yawan ƙarin shi zai gaya mana wane irin sukari ne. Sai na'urar ta sake farfasa gutsuren, ta auna ɓarɓashin, mu gane daidai wurin da sukarin ya maƙale.

Kawu ya shafa gemu. Can ya ce, "To ai mai awon hatsi a kasuwar Gwiwa ma ya san wannan. Ya san nauyin buhun gero. In ya ɗaga ya ji ya fi, ya san an zuba tsakuwa." Na yi dariya. Ya ce, "Naku dai ya fi shi da abu ɗaya, yana faɗin irin tsakuwar." Na yi shekaru ina koyarwa, ban taɓa samun bayanin da ya kai wannan ba, kuma har yau shi nake ba ɗalibai.

Da kaka ta yi, ya ɗaure kula mai ƙanƙara a bayan tsohon babur ɗinsa ya shiga ƙauyuka. Rijiya arba'in ya ɗebo. Sau ɗaya na bi shi, wajen Kanya Babba, na ga yadda yake yi, raina kuma ya ɓaci. Kafin ya taɓa guga sai ya yi kusan awa yana gaisawa da mai gida, a tambayi gona, a tambayi iyali, a tambayi na nesa. Sannan ya ja mai gidan ko uwargida gefe su yi magana ƙasa-ƙasa, ni ina tsaye a rana. Ya cika kwalba, ya rubuta lamba a jiki, sai kuma ya kamfaci ruwan da hannu ya sha a gaban kowa, ya ce, "Madalla, ruwa mai sanyi." A hanya na ce masa, "Kawu, wata rana za ka kwaso wa kanka cuta." Ya ce in ya zuba ruwan mutum a kwalba ya tafi bai sha ba, kafin la'asar unguwa ta gama cewa ruwan gidan ba ya shawuwa.

Rigimarmu ta taso ne da ya kawo kwalaben ƙarshe. Na buɗe littafinsa, kowace lamba ga ranar da aka ɗebo, ga zurfin rijiya, ga ko tana da murfi, ga ko kaji suna yawo a bakinta. Rubutu tsaf, kamar na ɗab'i. Amma babu sunan gida, babu na unguwa, ko sunan gari babu. Na ce, "Kawu, ina sauran?"

Ya nuna kansa da yatsa.

Ni mai saurin fushi ce, kowa a gidanmu ya san haka. Na ce masa wannan ba aiki ba ne. Na ce ko samfurin yaran da ake aiko min daga asibiti ba suna a jiki, amma akwai takardar sunayen a kulle a wani wuri, in ta ɓaci a buɗe. Na ce ya rubuta, ya sa a ambulan, ya kulle a akwatinsa, ni ba sai na gani ba. Ya ce a'a. Na ce shekarunsa sun haura saba'in. Wallahi haka na ce masa, a gaban matarsa. Hajiya ta tashi ta ba mu wuri.

Bai yi fushi ba, shi ne ma abin da ya ƙara ƙona min rai. Ya ce in zauna. Ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Yana saurayin ma'aikaci, an taɓa tura shi gwada ruwan wata unguwa bayan gudawa ta ɓarke. Ya samu cuta a rijiyar wani gida, ya rubuta sunan gidan a takarda, ya sa hannu, yana ganin ya yi aikin kirki. Takarda ta bi hannu-hannu. Aka zo aka shafa jan fenti a ƙofar gidan. Matar gidan fura take sayarwa, da ita take riƙe da marayu. Daga ranar ba wanda ya sake sayen furarta, yara suka riƙa kiran gidan gidan cuta, har bayan an gyara rijiyar. Kafin shekara ta zagayo ta kwashe 'ya'yanta ta bar garin, bai sake jin labarinta ba.

"Ni na rubuta sunan," in ji shi. "Takarda ba ta san wanda ya kamata ta yi wa shiru ba. Duk gidan da na shiga a wannan aikin naki, na yi musu alkawari sunansu ba zai hau takarda ba. In sakamako ya fito, ki gaya min lambar. Ni zan je da ƙafata, in shiga kamar na zo gaisuwa, mu gyara abin ba wanda ya ji."

Na ce, "In kuma ba ka nan fa?"

Ya ce, "Uwata, ke kike raba kwanaki?"

Na tashi na tafi ban yi masa sallama ba. Wata biyu ban kira shi ba. Shi ya fara kira, wai ya ji an ce ina mura.

Na'urar nan ba mu da ita a wurinmu. Sai da na raini ƙwayoyin a 'yan farantai, na ciro furotin ɗin wutsiyarsu, na busar, na aika wani ɗakin bincike a ƙasar waje inda na taɓa yin karatu. Can ma layi ake bi. Wata takwas ina jira, kullum in buɗe kwamfuta in rufe. Da sakamakon ya zo na zauna ina bin layukan nauyi ɗaya bayan ɗaya. Yawancin rijiyoyin ko dai babu ƙwayar, ko kuma tana sanye da sukarin da aka saba gani. Da na zo kan lamba goma sha bakwai, na ga gutsuren ya fi nauyin da na sani, ƙarin kuma ba irin na sauran ba ne. Na taɓa ganin wannan nauyin. Na buɗe sakamakon yaran asibiti. Shi ne a jikin ƙwayoyin da aka samu a wurin yara uku da suka fi kowa jin jiki, ɗaya daga cikinsu kuma an rubuta bai tashi ba. Sukari iri ɗaya, a wuri ɗaya. Na duba sau uku.

Ba zan yi ƙarya ba, wannan bai tabbatar da cewa daga rijiyar suka sha ba. Amma ya isa ya hana ni cin abinci.

Na kira wayar Kawu, Hajiya ta ɗauka. Ta ce tun safe suna asibiti, ya faɗi a bakin masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki kuma ya ƙi. Na shiga mota na taho Kazaure. Na same shi kwance, idonsa biyu, ya gane ni sarai. Abin da ya kamata in yi shi ne in riƙe hannunsa in nemi gafara. Maimakon haka na sunkuya wajen kunnensa na ce, "Kawu, sha bakwai. Ina sha bakwai take?"

Idanunsa suka buɗe sosai. Ya yi ta motsa baki, sauti ba ya fita. Na sa masa biro a hannun hagu, ya ja wani layi a karkace, biron ya faɗi. Na fara jero masa garuruwa in ga ko zai ƙifta ido, amma hawaye ya riga ya cika idon, ban iya bambance komai ba. Hajiya ta dafa ni ta ce, "Ya isa haka, 'yar nan." Bayan kwana biyu ya cika. Tambayar nan ita ce maganata ta ƙarshe da shi, kuma har gobe in na tuna sai na ji kunyar kaina.

Shi ya sa nake zaune a gidan makoki kamar wadda ke kan ƙaya. Duk yaron da aka shigo da shi a goye, sai in bi shi da kallo in ga ko idonsa ya faɗa. In hadari ya haɗo, mata suna cewa Allah ya sa mai albarka ne, ni kuwa ina tunanin kashin kaji yana gangarawa cikin wata rijiya. Na bincike akwatinsa, aljihun rigunansa, har cikin littattafan addu'arsa. Babu. Na yi tunanin in ce kowa ya riƙa tafasa ruwa, na kuma faɗa wa duk wadda ta zauna kusa da ni. Suka ce to. Na san wannan "to" ɗin, na kuma san tsadar itace da damina.

Ranar sadakar uku na aika aka roƙi liman ya yi min sanarwa bayan addu'a: duk wanda marigayi ya taɓa ɗebar ruwan rijiyarsa, 'yarsa tana son ganinsa, kuma maganar ba za ta wuce tsakaninsu ba. Na laɓe a soro ina saurare. Liman ya faɗa har sau biyu. Tsit kake ji. Aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa. Na koma ɗaki ina cewa a raina, to Kawu, ga alkawarinka nan, ka riƙe shi da kyau.

Bayan azahar aka ce wani dattijo yana sallama da ni. Mutumin Gwiwa ne, a keke ya zo, ƙafar wandonsa ɗaure da roba. Muka gaisa a soro, ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya ya ce, "Ni ne tara."

Na ce, "Baba, me ka ce?"

Ya ce, "Lambata ke nan. Malam ya ce in riƙe, kada in gaya wa kowa sai shi ko wanda ya aiko. Ya ce sai na maimaita sau uku kafin ya tafi." Ashe maganar da yake jan mutane gefe yana yi musu ke nan. Bai rubuta ba, amma bai bar abin a kansa shi kaɗai ba, ya ba kowane gida nasa ya riƙe. Na ce wa dattijon ruwansa lafiya lau. Ya ɗaga hannu sama, ya ce Allah ya jiƙan Malam, ya hau kekensa.

Daga nan suka fara zuwa, ɗaya-ɗaya, ba mai son wani ya gan shi. Matar nan ta Babura ta dawo, ta ce ita ce ashirin da biyu. Wani makiyayi daga Yankwashi ya ce talatin da ɗaya. Duk wanda ya buɗe baki sai in kasa kunne ko zan ji sha bakwai. Ban iya fita in ce sha bakwai nake nema ba, domin ranar da mai ita ya taso, kowa ya san shi ne. Zuwa kwana na shida na samu goma sha ɗaya cikin arba'in, babu ita a ciki. Gobe sadakar bakwai, daga ita kowa zai watse ya koma gona.

Da safiyar kwana na shidan nan aka tafka ruwa. Muna ɗaki ni da Inna mu kaɗai, tana ninke kayan Kawu da za a bayar. Na kasa daurewa, na fashe da kuka, na ce, "Inna, ƙanenki ya bar ni da masifa. Rijiya ɗaya ce tal, sha bakwai, kuma mai ita ya ƙi zuwa."

Hannunta ya tsaya a kan rigar. Ba ta dube ni ba. Ta ajiye rigar a hankali, ta ɗauki mayafinta, ta ce, "Tashi ki kai ni Roni."

Na ce, "Yau? Gobe fa bakwai. Me mutane za su ce, yayar mamaci ta bar zaman makoki?"

Ta ce, "Ki tashi, na ce."

Roni can ne gidanmu, inda aka haife ni, inda Inna take zaune tun bayan rasuwar mahaifina. A mota sai jan carbi take yi da sauri. Ban tambaye ta dalili ba, domin tun kafin mu fita daga Kazaure jikina ya riga ya ba ni. Muna isa ta wuce kowa ba ta amsa sannu da zuwa ba, ta nufi rijiyar da ke tsakar gida. Mahaifina ne ya haƙa ta, ya buɗe ƙofa ta baya don matan unguwa su riƙa ɗiba, sadaka. Kaji suna ta tono a jiƙaƙƙiyar ƙasar bakinta. Inna ta kama igiyar guga ta fara kwance ƙullin, yatsunta suka kasa, ta sa haƙori.

"Ni ce sha bakwai," in ji ta. "Tun ranar da liman ya yi sanarwa nake cewa gobe zan gaya miki. Ina ta roƙon Allah ya sa ta wani ce. Ki ji irin addu'ar da na yi a makokin ɗan'uwana."

Sai a lokacin na gane abin da Kawu yake ta ƙoƙarin faɗa a gadon asibiti, da dalilin hawayen. Na ce, "Inna, za mu iya yi a ɓoye. Mu ce igiya ce ta tsinke, ko rijiyar tana son yasa. In sa magani, a ɗaga bakinta, a yi murfi, a kori kajin. Ba wanda zai sani." Ni da bakina na faɗi haka, ni da na yi wata biyu ina gaba da shi a kan wannan.

Kafin ta amsa, ƙofar baya ta yi ƙara. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwa sa'ar Inna, da bokiti biyu. Ta ga Inna ta ce, "A'a, kun dawo? Ni da nake shirin zuwa gobe in yi miki gaisuwa. Ya haƙuri?" Na ga fuskar Inna ta canja. Na tuna bara da kaka an gaya min a waya jikan matar nan ya rasu, ɗan shekara biyu, gudawa ce ta kwana huɗu. Ko yana cikin ukun nan, ban sani ba, kuma na'ura ba za ta taɓa gaya min ba.

Na taɓa hannun Inna don ta yi shiru. Ta janye hannunta.

"Ajiye bokitin," in ji ta. "Ba za a sake shan ruwan nan ba sai an gyara. 'Yar nan ta auna, akwai cuta a ciki, irin mai kama yara. Ɗan'uwana ya rufa min asiri har ya koma ga Allah, ya cika alkawarinsa. Amma rijiyar tawa ce, ni zan faɗa. Ki gaya wa kowa, ki ce daga bakina kika ji." Ta matso kusa da ita. "Kuma ina tsoron yaron nan naku, nan ya sha."

Matar ta tsaya riƙe da bokitan, tana kallon rijiyar. Na jira ta yi ihu, ko ta juya ta fita ta tara mana unguwa. Sai ta dire su a ƙasa, ta zo ta zauna a kan turmi kusa da Inna, ta karɓi igiyar daga hannunta ta fara naɗewa.

"Ni na ɗebo masa da hannuna," ta ce. "Shekara talatin muna sha ba ki taɓa hana mu ba. Allah ya jiƙansu su biyun."

Kawu, ban rubuta sunan gidan ba, a nan ma ban rubuta ba. Mai shi ce ta faɗa. Allah ya yafe maka abin da ka ɓoye don tausayi, ya yafe min tambayar da na yi maka a maimakon ban kwana, ya sanyaya makwancinka. Da la'asar muka koma Kazaure, muka bar maƙwabciyar tana bi gida-gida.